Idan allurar rigakafi ba ta isa kowa ba, wa za a fara yi wa?

Tambayar ke nan da ta hana mu tashi da wuri a majalisarmu ta bayan Isha'i a Kubwa, daren da wani ya ta da zancen yarjejeniyar yaƙi da annoba da ƙasashen duniya suka amince da ita a watan Mayun 2025. Wani ɗan kasuwa a cikinmu ya ce shi bai ga abin kai ruwa rana ba: a ba kowace jiha gwargwadon yawan mutanenta, a kafa layi, wanda ya riga zuwa ya riga samu. Malamin makarantar da ke gefensa ya ce sam, yara za a fara yi wa, ai su ne manyan gobe. Dattijon majalisar, wanda tun ɗazu yake jan carbi bai tanka ba, ya ɗago ya ce, "Yarana, ku daina ɓata yawun bakinku. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Kafin abin ya iso Kubwa an gama da Maitama da Asokoro."

Na koma gida ina juya maganganun nan uku. Kowacce da ƙamshin gaskiya a cikinta. Sai dai ta farko da ta biyu, da su aka bi a zamanin korona, da an rasa rayukan da ake iya cetowa. Ta ukun kuwa labarin yadda ake yi ce, ba yadda ya kamata a yi ba.

Kwalba ake rabawa ko lokaci?

Rigakafi daban, magani daban. Magani na wanda ya riga ya kwanta ne. Rigakafi kuwa mai lafiya ake yi wa, don jikinsa ya san ƙwayar cutar tun kafin su gamu. Shi ya sa rabonsa ya fi na magani wuya. Mai buƙatar magani ga shi nan kwance, kowa na gani. Mai buƙatar rigakafi kowa ne, daga jariri har tsoho mai dogara sanda, kuma duk ƙasashen duniya rana ɗaya suke nema.

Sabuwar cuta kuma ba ta zuwa ta tarar da allurarta jibge a sito. Sai an gano ƙwayar, an haɗa allurar, an gwada, hukumomi sun sa hannu, sannan masana'antu su soma fitarwa kaɗan-kaɗan. Ƙarancin watannin farko dai ba makawa sai an yi shi. Inda hannun ɗan Adam ke shigowa shi ne wajen yanke wanda zai shiga gaba.

Ranar 8 ga Disamban 2020 aka yi wa wata tsohuwa mai shekara 90 allurar korona ta kamfanin Pfizer a Ingila, ita ce ta farko bayan an amince da allurar. Mu kuwa sai ranar 2 ga Maris na 2021 jirgin farko ya sauka a filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe da allurar AstraZeneca miliyan 3.92. Kowane mutum sau biyu ake yi masa, don haka abin da ya zo bai kai na mutum miliyan 2 ba, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. Ko mutum ɗaya cikin 100 bai samu ba ke nan. Amma kafin 2022 ta yi nisa, labari ya sha bamban. Ma'aikatan lafiya ne ke kafa teburi a kasuwanni da tashoshin mota da ƙofar masallatai suna kiran jama'a, jama'a na wucewa abinsu.

Daga baya dai duk mai so ya samu. Abin da aka yi rabonsa na haƙiƙa shi ne lokaci: wa zai samu a watan farko, wa zai jira shekara. Saurayi lafiyayye, jiran shekara ba ya rage shi da komai. Dattijuwa mai ciwon suga da hawan jini, ko nas ɗin da ke kwana a ɗakin masu cutar, wata shida kaɗai na iya raba su da duniya.

Watandar da aka yi wa shigar sauri

Idan sallah ta matso, 'yan unguwa kan haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa. Shirin COVAX na rabon allurar korona watanda ce ta duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙawancen rigakafi na Gavi da ƙungiyar CEPI mai tallafa wa binciken sababbin allurai ne suka jagorance shi, UNICEF kuma ke dakon kayan. Ƙasashe masu hali za su biya nasu, ƙasashe 92 masu ƙaramin ƙarfi kuma a biya musu daga gudummawa. Tsarin kason shi ne kowace ƙasa ta fara samun abin da zai ishi kashi 3 cikin 100 na mutanenta, wato ma'aikatan lafiya, a ci gaba har a kai kashi 20, kafin wata ta nemi ƙari. Burin shi ne a raba allura biliyan 2 kafin 2021 ta ƙare.

A takarda ba laifi. Sai dai masu kuɗin cikin watandar sun zagaya ta baya, suka je wurin makiyaya suka biya kuɗin shanun da ko haifarsu ba a yi ba. Tun allurai suna matakin gwaji, Amurka da Ingila da Tarayyar Turai da Kanada suka ƙulla ciniki kai tsaye da kamfanoni. Kanada ma ta yi odar abin da ya ninka yawan mutanenta sau da dama. Ko da COVAX ta iso da kuɗinta, turken babu sa. A watan Janairun 2021 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Ghebreyesus, ya faɗa wa duniya cewa an yi allura sama da miliyan 39 a ƙasashe 49 masu hali, alhali a wata ƙasa matalauciya guda 25 kacal aka yi. Ba dubu 25 ba, 25.

Matsala ta biyu, watandar ta dogara ne kacokan a kan mahauci ɗaya, kamfanin Serum na Indiya, wanda shi ya haɗa allurar da aka fara kawo mana. Da nau'in korona na Delta ya turnuƙe Indiya a farkon 2021, gawarwaki suka yi yawa, sai gwamnatin ƙasar ta tsayar da fitar da allura waje har zuwa ƙarshen shekara. Nan take abin ya taɓo mu. A watan Afrilu Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta umarci jihohi cewa duk wadda ta ci rabin kasonta ta dakatar da allurar farko, ta adana sauran don zagaye na biyu. Sai a watan Agusta wani babban kaso ya shigo, allurar Moderna miliyan 4 daga Amurka. COVAX kuwa ba ta cika biliyan 1 ba sai tsakiyar Janairun 2022.

Su ma masu shigar saurin suna da abin faɗa. So duk so ne, amma son kai ya fi. Za su ce da harajin mutanensu aka yi binciken, su suka zuba kuɗi tun ba a san ko allurar za ta yi aiki ba, kuma tsofaffinsu na mutuwa dubbai a kullum. Ni kaina ba zan ga laifin shugaban da ya fara kare likitocinsa da tsofaffinsa ba, don da namu ne ya samu dama haka za mu so ya yi. Inda hujjar ta karye shi ne lokacin da suka gama da masu rauni suka koma kan samari lafiyayyu, har suka shiga zagaye na uku, alhali ungozoma a Kwali ko ta farko ba ta gani ba. A watan Agustan 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta roƙi a dakata da zagaye na ukun, kusan ba wanda ya saurare ta. Da masanan Afirka ta Kudu suka sanar da ɓullar nau'in Omicron a watan Nuwamba, tukuicin da suka samu shi ne rufe musu ƙofa, kuma a watan Disamba Ingila ta haɗa har da Najeriya cikin ƙasashen da ta hana shiga.

Akwai wata sukar kuma da ba ta yi mana daɗi, amma gaskiya ce a faɗe ta. Wasu masana sun ce shi kansa kashi 20 ga kowa ba adalci ba ne. Idan gobara na ci a gida ɗaya, ba a raba ruwa bokiti-bokiti ga duk gidajen unguwa. Da an bi wannan ra'ayi, da Najeriya ta koma baya a layi, domin mutanenmu matasa ne, waɗanda suka haura 65 ba su wuce kusan kashi 3 cikin 100 ba, kuma mamatan korona da aka rubuta a hukumance sun ɗan haura 3,000 ne kawai. Amsar ita ce alƙaluman ƙasar da ba ta gwaji sosai ba sa faɗin duk abin da ya faru. Wanda ya ga yadda aka yi ta jana'izar dattawa a Kano a watannin Afrilu da Mayun 2020 ya san haka, kuma ministan lafiya na lokacin ya ce bincike ya danganta rabi ko fiye na waɗannan mace-macen da korona. Idan yawan gawar da aka ƙirga ne ma'auni, mai ƙarfin ƙirga ne zai sake cinye kason.

To a cikin gida, wane ma'auni?

Wanda ya san zakka ya san adalci ba lallai ya zama daidai wa daida ba. Ba a ce a bi gari gida-gida a ba kowa mudu ɗaya ba. An ambaci rukuni takwas, an kuma ambace su tun kafin a auna hatsin. Rabon rigakafi ma haka yake: rukuni ake jerawa bisa dalili, a sanar tun kaya ba su iso ba.

Kusan duk duniya an yarda ma'aikatan lafiya ne na farko. Mu ma ranar 5 ga Maris na 2021, a Asibitin Ƙasa da ke Abuja, likitan da ke duba masu korona aka fara yi wa. Dalili biyu ne. Idan nas ɗaya ta kwanta, ba ita kaɗai aka rasa ba, har da mai naƙuda da yaron da zazzaɓi ya kayar da wanda aka kwaso daga hatsarin hanyar Lokoja. Sannan wanda aka ce ya tunkari wuta a madadin jama'a, shi ya fi cancanta a fara ba shi sulke. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, wane ne ma'aikacin lafiya? Matar da ke goge ɗakin marasa lafiya, da direban motar asibiti, da mai kemis ɗin unguwa da kowa ke fara zuwa wurinsa da tari, duk sun fi daraktan da ke zaune a ofis shaƙar numfashin masu cuta. Amma sunan darakta ne ke saman takarda.

Sai batun malaminmu, yara ko tsofaffi. Zuciya tana cewa yara. Korona kuwa ba haka ta yi ba. Wanda ya haura 80, haɗarin mutuwarsa ya ninka na ɗan shekara ashirin da 'yan kai fiye da sau 100, yara kuwa da wuya ta kashe su, ga shi da farko ba a ma gwada allurar a kansu ba. Allura dubu a hannun dattawa za ta hana jana'iza da yawa. Dubun nan a makarantar firamare, da ƙyar ta hana ɗaya. Shi ya sa Ingila ta fara daga gidajen kula da tsofaffi tana gangarowa shekara-shekara, Najeriya kuma ta sa 'yan 50 zuwa sama da masu ciwon suga da hawan jini da makamantansu bayan ma'aikatan lafiya.

Kada dai a ɗauka wannan doka ce ta har abada. Murar 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, majiya ƙarfi ta fi kwasa. Sanƙarau yara da matasa yake bi, shi ya sa gangamin rigakafinsa a Arewa ya tsaya kan 'yan shekara 1 zuwa 29. Ƙyanda kuwa ƙananan yara. Halin cutar ne ke tsara layi. Annoba ta gaba na iya mayar da malaminmu mai gaskiya.

Akwai masu cewa a bar batun wa zai mutu, a dubi wa ke yaɗawa: direban da ke jigila tsakanin Nyanya da cikin gari, 'yan kasuwar Wuse da Dei-Dei, masu cuɗanya da ɗaruruwan mutane a yini. Indonesiya ta gwada haka, ta fara da 'yan 18 zuwa 59. Wannan dabara tana ci ne idan allurar na hana ɗaukar cutar da miƙa ta ga wani. Allurar korona ta fi ƙarfi wajen hana ciwo ya yi tsanani da hana mutuwa, ba wajen tare yaɗuwa ba, musamman bayan zuwan Omicron.

Amma inda dabarar ta dace, ta yi abin mamaki, kuma a ƙasar nan aka gano haka. A watan Disamban 1966 cutar agana ta ɓarke a yankin Ogoja da ke gabashin Najeriya. Wani likita Ba'amurke mai suna William Foege yana wurin, allurar da ke hannunsa kuma ba za ta isa a yi wa kowa ba kamar yadda aka saba. Sai ya nemi 'yan mishan da ke warwatse a yankin, masu magana da juna ta rediyo, su tura mutane ƙauye-ƙauye a gano inda masu cutar suke. Aka yi wa mutanen ƙauyukan da cutar ta shiga, sannan aka bi wuraren da danginsu ke zuwa da kasuwannin da suke ci. Cutar ta tsaya, alhali yawancin mutanen yankin ba a yi musu lamba ba. Wannan salo na kewaye cuta ya zama ginshiƙin yaƙin da ya kai ga shelar kawar da agana daga duniya a 1980, kuma da shi aka gwada allurar Ebola a Gini a 2015. Dattawan da ke da tabon lamba a damtse, shaidar wancan yaƙin suke ɗauke da ita. Da an kafa layi a Ogoja an ce wanda ya riga zuwa ya samu, da allurar ta ƙare cutar na nan daram.

Wannan ya kawo mu ga ɗan kasuwarmu. Mazaunin Abuja ba sai an ba shi labarin layi ba, ya sha layin mai. Wa ke cin layi? Mai ƙarfin tsayuwa tun asuba, mai yaron da zai kama masa wuri, wanda ya ji labari da wuri, da wanda ya san mai riƙe da ƙofa. Tsohuwar da ƙafa ke ciwo, wadda dominta aka kawo allurar, ita ce ta ƙarshe. Ƙuri'a ma ta fi layi adalci, amma ita ma amfaninta tsakanin mutanen da buƙatarsu ɗaya ne, kamar dattawa 200 a kan allura 100.

Shin daidai ne manya su fara?

Kwana ɗaya bayan likitan Asibitin Ƙasa, aka yi wa Shugaba Muhammadu Buhari da mataimakinsa Yemi Osinbajo a gaban kyamara. Da yawa sun ce ga irinta nan. Ni a nan ban bi su ba. A Arewa rashin yarda da allura yana da tarihi. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Daga cikin yara kusan 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. A 2003 wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin yana hana haihuwa, cutar ta sake bazuwa har ƙasashen waje, ba a ayyana Afirka ta rabu da ita ba sai Agustan 2020. Al'ummar da ke da wannan tabo, idan shugaba bai miƙa hannunsa a bainar jama'a ba, cewa za a yi ya san abin da ke ciki.

Sai dai wannan hujja ta fuskoki kaɗan ce, waɗanda ganinsu zai kwantar wa jama'a hankali: shugaba, sarki, limami, fasto. Da zarar an rubuta rukunin "muhimman shugabanni" ba a yi masa iyaka ba, ƙofa ta buɗe. Bayan oga sai uwargida, sai surukai, sai direba, sai abokin da ya zo gaisuwa. Kowace allura a cikinsu daga hannun wata ungozoma aka zare ta.

Tsakanin Maitama da Abaji

Muna kuka da Turawa, kuma kukanmu na kan hanya. Amma kashin dankalin da aka yi mana a duniya, mu ma muna iya yi wa junanmu, ko da ba da niyya ba.

Birnin Tarayya ƙananan hukumomi shida ne: AMAC (wadda cikin garin Abuja ke ƙarƙashinta), Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji. A ce an raba musu allura daidai da yawan jama'a, ba cuta ba cutarwa. Duk da haka ba a gama ba. Allurar AstraZeneca tana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8, tun daga masana'anta har hannun mutum. Ta Pfizer da farko sai digiri 70 ƙasa da sifili. Kwalbar AstraZeneca ɗaya ta mutum 10 ce, kuma in an buɗe ta, bayan awa 6 sai zubarwa. A asibitin cikin gari mutum 10 ba sa wuyar taruwa. A ƙaramin asibitin ƙauye kuwa, dattijo zai hau babur daga nesa, a ce masa ya jira a cika goma, ko ya dawo gobe. Ba lallai ya dawo ba. Ma'aikacin da ake auna ƙoƙarinsa da yawan hannun da ya yi wa, dole ya fi son inda jama'a ke cunkushe.

An kuma buɗe rajista ta intanet, abin da ya yi wa ma'aikacin gwamnati mai babbar waya daɗi, bai ko san da zaman tsohon da ke ruga a bayan Kuje ba, ko 'yan gudun hijirar sansanonin Durumi da Kuchingoro, ko Hajiyar da ba ta fita sai da dalili. Ga kuma dubban da ke kwana a Mararaba da Suleja, a lissafin Nasarawa da Neja, amma a Abuja suke yini. Kason wa za su ci?

Wani abin da ya karkata layin shi ne kati. Daga 1 ga Disamban 2021 aka ce ma'aikatan gwamnatin tarayya sai da shaidar allura ko ta gwaji za su shiga ofis. Masu fita waje ma sai da kati. Hajjin 2022 Saudiyya ta ce sai wanda aka yi wa allura, kuma sai wanda bai haura 65 ba. Ka ga ikon Allah: waɗanda suka fi rububin allurar su ne masu neman takarda, waɗanda cutar ta fi yi wa barazana kuwa ba abin da ya tura su. Allurar da aka ajiye a asibiti aka ce mai so ya zo, ta mai mota ce. Rabon adalci ya haɗa da kuɗin man babur, da akwatin sanyi, da ma'aikaciya mace da za ta shiga gida, da mai unguwar da zai yi mata jagora. Masu aikin shan inna sun daɗe da sanin wannan hanya.

Abin da aka binne a Gosa

Ranar 22 ga Disamban 2021, a jujin Gosa da ke bayan garin Abuja, katafila ta murƙushe allurar AstraZeneca 1,066,214 da wa'adinsu ya ƙare, 'yan jarida na kallo. Wata tara ke nan da 'yan kwanaki bayan an tarbi jirgin farko da murna. Kyauta ce daga ƙasashen da suka tara fiye da buƙatarsu, suka sako ta saura 'yan makonni ta lalace. Kafin NAFDAC ta duba, a kai jihohi, a kai ƙananan hukumomi, lokaci ya cika. Shugaban hukumar lafiya a matakin farko na lokacin, Dakta Faisal Shuaib, ya ce an karɓa ne don babu zaɓi, kuma daga ranar Najeriya ta daina karɓar allura mai gajeren wa'adi.

A littafin mai bayarwa, an rubuta kyautar miliyan guda. A hannun mutane, babu ko ɗaya. Ɓarnar ma ba ta tsaya nan ba, domin mai shakka ya samu abin faɗa: ai ga shi lalatacciya suke kawo mana.

Miƙa ɗan abin da ke hannu

Wani lokaci zaɓin ba tsakanin mutum da mutum yake ba, tsakanin cikakkiyar kariya ga kaɗan ne da rabin kariya ga da yawa. Ingila ta tsawaita tazarar allura ta farko da ta biyu zuwa mako 12 don ta farkon ta kai ga mutane da yawa. A Kinshasa a 2016, da allurar cutar shawara ta yi ƙaranci, kashi ɗaya cikin biyar na adadin da aka saba aka yi wa kowa. A watan Oktoban 2022 masu kula da rumbun rigakafin kwalara na duniya suka koma ba da sau ɗaya maimakon biyu. Mu a 2021 adana rabi muka zaɓa, don ba mu san ranar zuwan jirgi na gaba ba. Wanda ke da masana'anta a bayan gida shi ke iya yin kasada.

Me ya canza tun daga lokacin?

Ba da yawa ba. A watan Agustan 2024, ana fama da ƙyandar biri, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta karɓi allurarta: guda 10,000 daga Amurka, wato na mutum 5,000. Afirka na shigo da kusan kashi 99 cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi, Tarayyar Afirka kuma ta sa burin haɗa kashi 60 a gida nan da 2040. Abin takaicin, mun taɓa yi. Ɗakin haɗa rigakafi na Yaba a Legas ya yi shekaru yana fitar da na agana da shawara da cizon mahaukacin kare kafin a rufe shi a 1991. Cibiyar Vom da ke kusa da Jos, wadda ke aiki tun 1924, har yau tana haɗa rigakafin dabbobi. Saniya da kaza suna da allurar gida, mai su sai ta aro, kuma zanen aro ba ya rufe katara.

Indiya da Afirka ta Kudu sun nemi a jingine haƙƙin mallakar fasahar allurar korona tun Oktoban 2020. Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, ƙarƙashin Ngozi Okonjo-Iweala, ba ta cimma matsaya ba sai Yunin 2022, a taƙaice, lokacin da allura ta riga ta yi yawa a kasuwa.

Ita kuwa yarjejeniyar 2025 da ta ta da muhawarar majalisarmu, tushenta tsohuwar rigima ce. A 2007 Indonesiya ta ƙi ba da samfurin ƙwayar murar tsuntsaye, ta ce ba za ta bayar kyauta a haɗa allura a sayar mata da tsadar da ba za ta iya ba. Yarjejeniyar ta tanadi cewa ƙasashe su riƙa ba da samfuri da bayanan ƙwayar cuta da wuri, kamfanonin da suka shiga tsarin kuma su ware wa Hukumar Lafiya ta Duniya kashi 20 cikin 100 na abin da suke fitarwa a daidai lokacin da suke fitar da shi, aƙalla kashi 10 kyauta, sauran a farashi mai sauƙi. Muhimmin abin shi ne wannan "a daidai lokacin", ba ragowar da ta kusa lalacewa ba. Sai dai an bar bayanin yadda tsarin zai yi aiki ga wata tattaunawar daban, kuma Amurka, gidan manyan kamfanonin, ba ta ciki.

Ko an cika alkawarin, iyakarsa filin jirgi. Yarjejeniyar ba ta san Abaji ba, ba ta san Maitama ba. Takardar da za ta raba tsakaninsu a nan Abuja za a rubuta ta, kuma ana iya rubuta ta tun yau, a karanta ta a rediyo da Hausa da Gbagyi da Fulatanci: rukunin da za a fara da su da dalilin kowanne, sunayen ma'aikatan lafiya har da masu shara da ungozomomi, adadin manyan da za a yi wa don nuni da iyakarsu, yawan kwalaben da kowace ƙaramar hukuma ta karɓa mako-mako, da ofishin da mutum zai kai ƙara in ya ga direban oga a gaban nas.